Babansa Na So A Kai Shi Caji Ofis Ya Kwana, In Yarda?

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari shekararsa 15, tun bara ya canja mini. Ya fara ɗaukar kuɗi a jakata, in na tambaye shi ya yi ta rantsuwa ba shi ba ne. Makaranta sun kira mu a kan fashin zuwa aji. Ba ya shigowa gida sai dare ya yi nisa. Makon jiya ya ɗauki wayar ƙanwarsa ya sayar, da babansa ya tsare shi sai ya ɗaga masa murya, ya buga ƙofa ya fice. Babansa ya yi faɗa ya gaji, ya yi duka ya gaji. Yanzu ya ce yana da aboki ɗan sanda, za su shirya a zo a kama shi a kai shi caji ofis ya kwana biyu a bayan kanta, a ɗan taɓa lafiyarsa, sannan a sako shi. Ya ce sai ya ga uwar bari zai dawo hayyacinsa. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, shi kuma yana cewa ni ce nake ɓata shi. Yaron bai taɓa ɗaga wa kowa hannu a gida ba, ban taɓa ganin makami a wurinsa ba. In yarda a kai shi? Daga uwa mai damuwa.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sanyaya miki zuciya.

Kada ki yarda. Na sa amsar a gaba ne don kada ki yi ta laluben ta a cikin dogon bayani. Abin da kika lissafa, sata a cikin gida, fashin makaranta, yawon dare da ɗaga murya, duk abin tashin hankali ne, amma babu ɗaya a ciki da kwana a bayan kanta yake warkarwa, kuma akwai dalilai masu ƙarfi da ke nuna yana iya ƙara dagula shi.

Kafin in shiga dalilan, bari in ce wani abu a kan maigidanki, don kada ki karanta wannan amsa ki tafi da ita kamar takardar cin nasara a kansa. Mutumin da ya yi faɗa bai ga canji ba, ya yi duka bai ga canji ba, sannan ɗan da ya haifa ya tsaya a gabansa yana mayar masa da magana, ba mugunta ce ta kawo shi ga wannan tunani ba. Tsoro ne da gajiya. Yana hango ranar da yaron zai taɓa kayan wani a waje, inda ba mai tausaya masa, yana so ya riga wannan rana. Abin da yake nema shi ne girgiza guda ɗaya mai ƙarfi da za ta mayar da yaron kan hanya a wuce wurin. Tunani ne da yake zuwa wa iyaye da yawa, kuma ba iyaye kaɗai ba, gwamnatoci ma sun taɓa ɗaukarsa da gaske har suka kashe masa kuɗi.

A shekarun 1970, a gidan yarin Rahway da ke jihar New Jersey a Amurka, aka fara wani shiri. Ana kwaso samarin da suka fara ƙananan laifuffuka a shigar da su cikin kurkuku na 'yan awoyi, a haɗa su da fursunonin da aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Fursunonin su yi ta daka musu tsawa, suna ba su labarin abin da ake yi wa sabon shiga, har wasu yaran su fashe da kuka. Abin ya burge mutane ƙwarai. An yi fim a kansa a 1978 wanda ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, jihohi da dama suka kwaikwaya. Sai wani malamin jami'ar Rutgers, James Finckenauer, ya bi sawun yaran ya kwatanta su da takwarorinsu da ba a kai ba. A cikin wata shida, kusan kashi 41 cikin ɗari na waɗanda aka kai sun sake aikata laifi, waɗanda ba a kai ba kuwa kusan kashi 11 ne. Daga baya wani mai bincike, Anthony Petrosino, da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 9 da aka yi a kan irin wannan shiri, suka fitar da sakamako a 2002, suka sabunta a 2013. Abin da suka samu bai canja ba: yaran da aka kai don a tsorata su sun fi komawa laifi a kan waɗanda aka ƙyale ba a yi musu komai ba. Ki lura da wannan ƙarshen, ƙyalewar ma ta fi.

Kuma wancan shiri ne da aka tsara, da masu gadi a tsaye, yaron ya san da yamma zai koma gida. Abin da babansa yake shiryawa ya fi shi haɗari.

Me ya sa tsoro ba ya yin aikin da ake zato? Na farko, tsoro ba ya daɗewa a jikin ɗan shekara 15. Daren farko zai yi kuka, ya yi alkawari, ya rantse. Bayan mako biyu abin ya zama labari. Ki yi tunanin yadda zai ba da shi a cikin abokansa: ba zai ce ya yi kuka ba, cewa zai yi ya kwana biyu a sel ya fito ba abin da ya same shi. A cikin irin abokan da yake bi yanzu, wannan ƙarin girma ne. Na biyu, abin da ake tsoro yana da kwarjini ne muddin ba a shige shi ba. Yau caji ofis wuri ne da ɗanki bai sani ba, yana jin sunansa gabansa ya faɗi. Ranar da ya kwana a ciki ya fito da ƙafarsa, ya gano ashe ana shiga ana fita. Kun kashe babban makamin da kuke riƙe da shi, in ya sake sai me? Kwana huɗu? Na uku, kuma wannan ne ya fi damuna, ba shi kaɗai zai kwana a ɗakin ba. Wanda aka kamo da ƙwaya yana ciki, wanda aka kamo da fasa shago yana ciki. Yaron da iyakar saninsa jakar uwarsa zai kwana biyu yana sauraron waɗanda suka san inda ake kai kayan sata da wanda yake saye ba tambaya. Wani zai ba shi ruwa, ya ce masa ƙanena kada ka damu, in ka fita ka neme ni. A daren da iyayensa suka miƙa shi, baƙo ne ya nuna masa tausayi. Kina ganin wa zai riƙe a ransa?

Akwai kuma abin da iyaye suke mantawa: iyakar ikonku a bakin ƙofar ofishin take. Ku kuka shirya shigarsa, amma abin da zai faru a ciki ba a hannunku yake ba. Hanya biyu ce. Ko dai a rubuta shi a littafi, ko kada a rubuta. In an rubuta, ya zama ƙorafin sata, kuma a ƙasashe da yawa shari'ar laifi tsakanin hukuma ce da wanda ake zargi, ba tsakanin uba da ɗa ba. Uba zai iya dawowa washegari ya ce ya yafe, a ce masa magana ta wuce nan. Ko an sako shi, sunansa da fuskarsa sun shiga idon jami'an wurin, gobe in aka yi ɓarna a kusa yana cikin waɗanda za a fara nema. In kuma ba a rubuta ba, alfarma ce abokin babansa zai yi, to an tsare yaro ba bisa doka ba, a wurin da babu takardar da ta nuna yana nan. Abokin zai tashi daga aiki ya tafi gida ya kwanta. Wanda ya karɓi aikin dare bai san yarjejeniyarku ba, bai san ɗan gida ne aka kawo don a ja masa kunne ba. Shi ɓarawo ya gani. Sannan wannan kalma ta "a ɗan taɓa lafiyarsa", wa zai auna iyakar wannan "ɗan taɓawar"? Hannun da ya saba dukan manya ba shi da ma'aunin yaro. In aka fasa masa dodon kunne ko aka karya masa haƙarƙari, wa za ku kai ƙara, alhali ku kuka ce a yi?

Ba don wasa ba dokokin duniya suka ƙuntata wannan ƙofa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda kusan dukkan ƙasashe suka amince da ita, ta ce a sashe na 37 kama yaro ko tsare shi ya zama mataki na ƙarshe, na mafi ƙarancin lokaci, kuma a raba shi da manya. Yaro a wurinta shi ne duk wanda bai kai 18 ba. Wannan ga wanda ya yi laifin da hukuma ta kamo shi da kanta ke nan. Petrosino ɗin nan ya sake wani nazari a 2010, ya haɗa gwaje-gwaje 29 da suka shafi yara sama da 7,000, ya ga waɗanda aka bi da su ta hanyar hukuma da kotu ba su fi shiryuwa ba, sun ma ɗan fi komawa laifi a kan waɗanda aka kauce da su aka sasanta a waje. A Edinbura ta Sikotilan, an bi rayuwar yara kusan 4,300 da suka shiga sakandare a 1998, aka ga iya zurfin da yaro ya yi a hannun hukuma, iya wahalar da barin laifi yake yi masa. Shi ya sa masu wannan aiki suke ta neman hanyar da za su hana yaro shiga ofishin tun farko. Ku kuma kuna shirin kai naku da hannunku.

Na san abin da za a ce miki: ai ɗan wane an kai shi, ya dawo ya shiryu, yau ga shi da iyalinsa. Ba na musu. Sai dai mafi yawan samarin da suke ɓarna a wannan shekaru suna bari da kansu in sun girma, an kai su ko ba a kai su ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam Terrie Moffitt ta bayyana wannan a 1993: kaɗan ne suke fara ɓarna tun suna ƙanana su ɗore da ita, mafi yawa a lokacin balaga take taso musu ta kuma lafa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Ta kuma yi gargaɗin cewa abin da ke hana irin waɗannan yara fita shi ne tarkon da suka faɗa a hanya, kamar barin makaranta, kamu da ƙwaya, ko tabon kamu. Ɗan wane da ya shiryu, mai yiwuwa da ma zai shiryu. Waɗanda aka kai suka ƙara kangarewa kuwa ba a ba da labarinsu a taro, iyayensu shiru suke yi. Ke kin ce naki bara ya canja. Yaron da ya yi shekara 14 lafiya sannan ya juya, alama ce mai kyau, kuma alama ce cewa wani abu ya faru.

A nan nake so ki tsaya, don duk wasiƙarki babu amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ina kuɗin suke zuwa? Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da yake ci yake sha a gidan ubansa ba ya sayar da wayar ƙanwarsa, abin da ya san ba makawa za a gane, sai in akwai abin da ya matse shi fiye da tsoron babansa. Ɗaukar ɗan canji a jaka kwaɗayi ne. Sayar da waya gaggawa ce. Wani yana bin sa bashi ya sa masa rana? Caca yake yi a waya, ya ci sau ɗaya, yanzu yana bin abin da ya zuba? Ƙwaya ce ko maganin tari? Wani babba ne yake karɓe masa kuɗi yana yi masa barazana? Wani ne ya riƙe hotonsa ko wani sirrinsa a intanet yana tatsarsa? Ko kuwa kawai yana sayen wurin zama ne a cikin abokan da suka fi shi abin hannu? Kowanne da maganinsa daban, kuma a cikinsu akwai waɗanda ɗanki ne ake zalunta. Ki duba yadda zai kasance a ce wani ƙato ne yake tatsarsa, ku kuma ku ɗauke shi ku kulle.

Ki sa ido ba tare da kin yi shela ba. Yaya idonsa yake in ya shigo da dare, yaya maganarsa, tana jan baki? Barcinsa ya ƙaru ko ya ragu? Cin abincinsa fa? Akwai sabon kaya a jikinsa da ba ku kuka saya ba, ko kuwa nasa ma ɓacewa suke yi? In kuɗi suna fita ba ya shigo da komai, to ba kwalliya yake yi da su ba. In wayarsa ta yi ƙara yana zabura ya fita waje ya amsa? Ki je makarantar da kanki, ba don a karanta miki laifinsa ba, ki tambayi malamin ajinsu ranakun da yake fashi, da wa suke ɓacewa tare, da kuma ko akwai abin da ya faru bara, faɗuwa jarrabawa, ko duka a gaban aji, ko rabuwa da aboki. In kin ga alamar shaye-shaye, asibiti za ku nufa, wurin likita, ba wurin ɗan sanda ba.

Amma mafi yawan abin da kike buƙatar sani daga bakinsa zai fito, ko kuma ba zai fito ba sam. Wasu masana biyu a Suwidin, Håkan Stattin da Margaret Kerr, sun yi nazari a 2000 a kan yara 'yan shekara 14, suka gano iyayen da suka san halin da 'ya'yansu suke ciki ba bincike da tsaro ne ya sanar da su ba, yaran ne suke faɗa musu da kansu. Yaro kuwa ba ya faɗa wa wanda yake tsoron zai miƙa shi. Wannan ita ce babbar asarar da kwana biyun nan za su jawo muku. Ranar da ya shiga matsalar da ta fi ƙarfinsa, ku ne na ƙarshe da zai kira.

Ki nemi lokacin da babansa ba ya nan, ƙannensa ba sa kusa, kuma ba a cikin faɗa ba. Kada ki zaunar da shi gaba da gaba kamar alƙali, samari sun fi buɗe baki in hannunsu na kan wani aiki ko kuna tafiya. Kada ki fara da me ya sa ka yi, don amsarta rantsuwa ce. Ki ce masa: "Na san kai ka ɗauki wayar, ba wannan nake tambaya ba, za mu zo kanta. Abin da nake so in sani, akwai wanda yake bin ka kuɗi? Akwai wanda kake tsoro?" Sai ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, ki daure. Mai yiwuwa ya ce ba komai ya tashi. Ki ce masa ƙofa a buɗe take, ki sake gwadawa bayan kwana biyu. In ya faɗi abin da ya girgiza ki, ki riƙe fuskarki. Salati da kuka a wannan minti za su rufe bakinsa na wata shida. In kin ga ke ba zai iya faɗa miki ba, akwai abin da saurayi ba ya iya furtawa a gaban uwarsa, ki duba cikin kawunansa ko yayyensa wanda yake sakin jiki da shi, mai riƙe sirri, ba mai kai labari gidan kowa ba.

Kada ki fahimce ni a kan a ƙyale shi. Babansa yana da gaskiya a wuri ɗaya: ba za a sayar da wayar yarinya a wuce kamar ba a yi ba. Ƙanwarsa tana kallo, tana auna ko kayanta suna da daraja a gidan. Dole ya biya. A ƙiyasta kuɗin wayar, a rubuta a takarda a gabansa, a yanke wani kaso daga abin da ake ba shi, sauran ya yi aikin da za a lissafa masa, duk mako a rage a gaban ƙanwar har ya cika. Ya ba ta haƙuri da bakinsa. Wannan ya fi kwana a sel ciwo, don yana daɗewa, kuma yana da alaƙa da abin da ya yi. Ke kuma ki daina barin jaka a inda hannu zai kai. Ki sa kuɗi a makulli ba tare da jawabi ba. Ba zargi ba ne, rufe ƙofar jarraba ce.

Dokokin gida ku rage su zuwa biyu ko uku da za ku iya tsayawa a kansu: lokacin shigowa, zuwa makaranta, da taɓa kayan wani. Kowace da hukuncinta da ya sani tun kafin ya karya, ƙarami wanda za ku iya zartarwa duk ranar da ya karya, kamar karɓe waya na kwana ɗaya ko hana fita washegari. Masana hukunci tun daga Cesare Beccaria na Italiya a 1764 suke cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, binciken zamani ma bai ƙaryata shi ba. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa kishiyar haka ne: a yi shiru sau biyar, a na shida a yi dukan kawo wuƙa, sannan tausayi ya kama uwa ta bi dare da lallashi. Yaro ya koyi cewa hukunci ya danganta ne da yanayin da babansa ya shigo, ba da abin da shi ya yi ba. Gerald Patterson, wanda ya shafe shekaru yana nazarin iyalai a Oregon, ya nuna yadda wannan ke zama zagaye: uba ya ɗaga murya, ɗa ya ɗaga fiye, ɗaya ya janye, kowa ya koyi cewa wanda ya fi hayaniya shi ke ci. Buga ƙofar nan da ya yi ya fita, darasin da ya koya ne. Dukan kuma ku ajiye shi. Kun gwada, ga inda ya kawo ku, kuma ɗan shekara 15 ya kusa kai ƙarfin da wata rana zai riƙe bulalar, abin da ba ku so ku gani.

Ranar da ya shigo a kan lokaci, ki nuna kin gani. Ba sai da biki ba, "sannu da zuwa, na ji daɗi" ta isa. Yaron da sunansa ba ya fitowa a gida sai a kan laifi yakan ɗauka shi ke nan sunansa.

Saura maigidan. Kada ki tare shi a gaban yara, kada kuma ki fara da cewa ba ki yarda ba, don zai ji kamar kin tsaya a bayan yaron ne a kansa. Ki fara da inda kuka haɗu: ke ma kin gaji, ke ma kina tsoron inda abin zai kai, kuma kin yarda dole ya ɗanɗana sakamakon abin da ya yi. Sannan ki yi masa tambayoyin da shi zai amsa wa kansa: "Baban yara, in abokinka ya tashi daga aiki, wa zai kwana da shi? Su wa ke cikin ɗakin? In ya fito ya sake, ina za mu kai shi?" Ki nemi ya ba ki wata biyu a gwada biyan wayar da dokokin nan, ku biyu baki ɗaya. Ki kuma duba kanki da gaskiya a kan zargin da yake yi miki. In kina ɓoye masa wasu abubuwan da yaron ya yi, ko kina mayar da kuɗin da ya ɗauka a ɓoye don kada a yi faɗa, ki daina, ki faɗa masa kin daina. Ba zai saki maganar 'yan sanda ba muddin yana jin shi kaɗai yake riƙe da igiyar. In ya ƙi saurarenki, ki nemi wanda yake jin nauyinsa a cikin manyansa ya yi masa magana. Abokin nasa ɗan sanda ma, in mutumin kirki ne, yana da amfani ta wata hanya: ya zo gida cikin kayan gida, a matsayin abokin uba, ya zauna da yaron ya gaya masa abin da yake gani a wurin aiki, ba ankwa, ba barazana. Ban ce zai yi abin al'ajabi ba, amma ba zai yi ɓarna ba.

Wani abu a gefe, tunda kina da ƙanana: ku bar tsorata su da "zan kira ɗan sanda ya tafi da kai". Yaron da ya ɓace a cikin taro, mai kaki ya kamata ya nufa, ba ya gudu in ya gan shi ba.

Akwai lokacin da kiran 'yan sanda shi ne daidai, kuma ba na so maganata ta sa ki yi jinkiri in ya zo. In ya ɗauko makami, ko ya kai miki hannu, ko ya zama haɗari ga ƙannensa ta duka ko ta lalata, ko ya fita bai dawo ba kun neme shi kun rasa, ki kira, kada kunyar mutane ta hana ki. Haka in kika gano wani babba ne yake sayar masa da ƙwaya, ko yake aikensa sata, ko yake tatsarsa da barazana, wannan babban shi ne na kai wa hukuma, ɗanki kuma shaida ne. In ya fara maganar ya gaji da rayuwa ko zai kashe kansa, wannan na asibiti ne a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

In kuma wata rana aka kama shi a waje a kan laifin da ya yi wa wani, kada ku ce ya ji a jikinsa ku ƙi zuwa. Ku tafi da takardar haihuwarsa don a rubuta shekarunsa daidai, ku nemi kada a haɗa shi ɗaki da manya, kada a yi masa tambayoyi sai ɗayanku ko lauya yana wurin, kuma kada shi ko ku ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Ku nemi a ba ku shi beli, in mai kaya ya yarda a sasanta a biya shi, biyan kuma ya fito daga guminsa kamar na wayar ƙanwarsa.